Ƙamus Da Sauran Littattafan Dubawa A Darasin Turanci

A zangon farko na bara, daidai lokacin girbin gero, muka ba 'yan aji ɗaya na babbar sakandare wani gajeren labari na Turanci domin su karanta su amsa tambayoyi. Labarin wani manomi ne da ya shiga gonarsa da sassafe ya tarar tsuntsaye sun yi masa ɓarna. A cikin labarin akwai kalmar "ears". Wani yaro mai ƙoƙari ya buɗe ƙamus, ya ga ma'ana ta farko ita ce kunne, ya rufe littafin. Da muka ce ya bayyana mana labarin da Hausa, sai ya ce tsuntsaye sun cinye kunnuwan manomin. Aji ya fashe da dariya. Muka ce ya sake buɗe wurin, ya bi da ido zuwa ƙasa. Bai yi nisa ba sai ga wata ma'ana: zangarniyar hatsi.

Yaron nan tun yana ƙarami yake korar tsuntsaye a gonar mahaifinsa. Babu wanda zai koya masa abin da tsuntsu yake yi wa zangarniya. Ƙamus kuma yana hannunsa, amsar tana ciki. Abin da ya rasa shi ne sanin yadda ake tambayar littafin. A kan wannan muke so mu yi magana da ɗalibai, da 'yan'uwanmu malamai, da iyaye.

Halin Da Muke Ciki

Yawancin ɗalibanmu sun fito ne daga ƙauyukan da ke kewayen Dambatta, da Bichi, da Kunchi, da Tsanyawa, da Makoɗa. A gida Hausa ake yi, a gona Hausa, a kasuwa Hausa, a majami'a ma Hausa. Wannan ba abin kunya ba ne, gama harshenmu ne. Amma ya kamata mu san bambancin da ke tsakanin yaronmu da takwaransa na Sabon Garin Kano ko na Jos. Wancan yana jin Turanci a kan titi, da kanti, da bakin maƙwabta. Namu kuwa sai ya shigo aji yake jinsa, in an tashi makaranta shi ke nan sai gobe. In aka yi dogon hutu na damina, yakan yi makonni yana noma bai ji jimla ɗaya ta Turanci ba.

Ga shi kuwa da Turanci ake koyar da lissafi, da kimiyya, da aikin gona, da tarihi, da shi kuma ake rubuta jarrabawar WAEC da ta NECO. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Dukanmu mun san yaran da suka ci sauran darussa da kyau, Turanci kaɗai ya riƙe su, suka zauna gida shekara ɗaya ko biyu. Mun kuma san abin da sake zaman jarrabawa yake ci wa iyaye: a buɗe rumbu a fitar da dami, ko a kai akuya kasuwa.

Malamin Turanci ɗaya ne, yara kuwa da yawa, darasi kuma minti 40 ne. Ba zai iya bin kowane yaro gida ba. To, wa yaro zai tambaya da dare, ko ranar hutu, in ya ci karo da kalmar da bai sani ba? Amsar ita ce littafin dubawa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san wanda zai tambaya, da kuma yadda zai yi tambayar.

Mene Ne Littafin Dubawa?

Littafin karatu ana fara shi daga shafin farko a bi shi har ƙarshe. Littafin dubawa kuwa ba haka ake yi masa ba. Ana buɗe shi ne a daidai wurin da ake bukata, a ɗauki abin da ake nema, a mayar da shi. Kamar rumbu yake: ba a shiga a cinye abin da ke ciki a yini ɗaya, ana ɗebo na tuwon yau ne. Ƙamus, da littafin nahawu, da littafin taswira, da kundin sani da ake kira insakulofidiya, duk littattafan dubawa ne. Babba a cikinsu ga mai koyon Turanci shi ne ƙamus.

Ita kalmar ƙamus daga Larabci muka samo ta, asalin ma'anarta kuwa teku. Wani malami mai suna Firuzabadi, wanda ya rasu a 1414, ya tara kalmomin Larabci a wani babban littafi ya sa masa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato tekun da ya kewaye kome. Littafin ya yi suna ƙwarai har aka riƙa kiran kowane littafin kalmomi ƙamus. Sunan ya dace, domin wanda bai iya iyo ba yakan tsaya a bakin ruwa ya ɗebi na sama kawai, kamar yadda yaronmu ya yi.

Waɗanda Suka Yi Mana Sassabe

Ƙamusun da ke haɗa Hausa da Turanci ba daga sama suka faɗo ba. Wani mai wa'azin bishara Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya yi aiki da mishan ta CMS, ya buga ƙamus na Hausa a 1876. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Yawancin Hausarsa ya same ta ne daga bakin Dorugu, wani yaro daga wajen Damagaram da aka kama bauta, daga baya ya sami 'yanci ya bi matafiyin nan Barth zuwa Ingila a 1855. Dorugu ya zauna a gidan Schön yana ba shi labarai, shi kuwa yana rubutawa. Daga baya ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912.

Bayan wannan sai na C. H. Robinson, wanda ya zo Kano da ƙafarsa, aka fara buga ƙamusunsa a 1899. Amma babban aikin da har yanzu ake jinjina wa shi ne na G. P. Bargery. Ya zo Arewa a 1900 a ƙarƙashin CMS, daga baya ya koma aikin ilimi na gwamnati. Ya yi shekaru fiye da goma yana zama da malamai, yana zagaya garuruwa yana tattara kalmomi, aka buga ƙamusun a 1934. Yana da kalmomi wajen 39,000 a shafi fiye da 1,200. A ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai ya jera kalmomi sama da 300 da Bahaushe yake nuna girman abu da su. Duk ɗalibin da yake zaton Hausa ba ta da yalwa, ya je ya duba wannan shafi. A 1949 kuma R. C. Abraham da Malam Mai Kano suka fitar da nasu.

Waɗannan an yi su ne musamman domin baƙo mai koyon Hausa. Wanda aka yi domin Bahaushe mai koyon Turanci shi ne Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, da aka buga a Zariya a 1965. A 1977 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Bayero a Kano ta fitar da Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci, wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya tare da ma'aikatan cibiyar. Ita Roxana ta buga na Turanci zuwa Hausa a 1990. A 2006 kuwa cibiyar ta fitar da Ƙamusun Hausa, mai bayyana Hausa da Hausa.

Mun kawo wannan tarihi ne domin ɗalibi ya san abin da yake riƙe da shi. Mutane sun ƙare ƙuruciyarsu da ƙarfin idonsu a kan wannan aiki. Sun yi sassabe, sun yi huɗa. Abin da ya rage mana shi ne mu shiga gonar.

Ƙamus Iri Biyu

Ɗalibi yana bukatar ƙamus iri biyu, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne mai harshe biyu, irin waɗanda muka ambata. Yana da amfani ga ɗan ƙaramar sakandare, da kuma duk lokacin da kake da kalma a Hausa kana neman ta Turanci. Mai rubuta insha'i a kan kaka yana so ya ce rumbu, ko sussuka, ko taki, nan zai same su da sauri.

Amma yana da iyaka, domin kalmomin harsuna biyu ba sa zama daidai wa daida kamar ƙwarya da faifanta. Mu muna da bazara, da damina, da kaka, da hunturu, da rani. Mutanen Ingila suna da lokuta huɗu da aka raba bisa ga sanyi da zafi da tsawon yini, ba bisa ga ruwan sama ba. In ƙamus ya ce maka "spring" bazara ce, ya kusanta ne kawai. Bazararmu zafi ne mai tsanani kafin saukar ruwa, tasu kuwa lokaci ne mai daɗi da sanyi yake janyewa, itatuwa suna toho.

Saboda haka daga aji uku zuwa sama muna so ɗalibi ya saba da iri na biyu, wato wanda yake bayyana Turanci da Turanci mai sauƙi. Malamai biyu ne suka buɗe wannan hanya, dukansu kuwa sun koyar da yara irin namu, waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Michael West ya koyar a Bengal ta ƙasar Indiya. A 1935 shi da abokin aikinsa Endicott suka fitar da ƙamus wanda ya bayyana dukan abin da ke cikinsa da kalmomi 1,490 kawai, domin kada yaro ya je neman ma'anar kalma ɗaya ya tarar da baƙin kalmomi uku. Iyayenmu da suka yi makaranta suna tunawa da shi, sukan kira shi Michael West kawai. A. S. Hornby kuwa a Japan ya koyar. An fara buga ƙamusunsa a Tokyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948. Shi ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda bugunsa na 10 ya fito a 2020. Hornby ya lura cewa ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi da yawa amma ba su iya ɗaura su a jimla ba. Don haka ya cika littafinsa da misalai, da alamomin da ke nuna yadda kowace kalma take zama da 'yan'uwanta. Kamfanin Longman ma ya fitar da irinsa a 1978, yana bayani da kalmomi wajen 2,000.

Yadda Ake Tambayar Ƙamus

Na farko, a haddace jerin haruffan Turanci guda 26 har ya zama ba sai an rera daga farko ba kafin a san wanne ke gaban wanne. Wannan yana ba yaranmu wahala fiye da yadda ake zato, gama abacadar Hausa dabam take. Muna da ɓ, da ɗ, da ƙ, da ts, waɗanda Turanci ba shi da su, su kuma suna da p, da q, da v, da x. Kuma ba harafin farko kaɗai ake bi ba, har na biyu da na uku.

Na biyu, a dubi kalmomin da ke can saman shafi. Suna nuna kalmar farko da ta ƙarshe a wurin. Wanda ya san amfaninsu yakan sami kalma kafin minti ɗaya. Wanda bai sani ba yakan yi ta bin shafi da yatsa har a buga ƙararrawa.

Na uku, a nemi tushen kalma. Ba za ka sami cikakken bayanin "went" a wurinta ba, za a tura ka zuwa "go". Kamar baƙo ne mai koyon Hausa ya ga kalmar gonaki, dole ya koma ga gona.

Na huɗu, kafin ka karanta ma'ana, ka koma ga jimlar da ka ga kalmar, ka tambayi kanka aikin da take yi a wurin. Suna ce, ko aikatau, ko sifa? Ƙamus yana sa ɗan gajeren harafi a gaban kalma domin ya nuna wannan. Kalmar "well" in suna ce rijiya ke nan, in kuwa tana bayyana yadda aka yi abu, ma'anarta da kyau. Kalmar "plant" tana iya zama tsiro, ko shukawa, ko ma masana'anta.

Na biyar, wanda shi ne ya kayar da yaronmu, a karanta ma'anonin duka, sa'an nan a zaɓi wadda ta shiga jimlar ta zauna daidai. Kalmar "plot" a darasin aikin gona fili ce, a darasin adabi zaren labari ce, a darasin tarihi kuwa makirci. Wannan ba wasa ba ne, domin a takardar auna fahimta ta WAEC akan ba da kalmomi daga cikin labari a ce ka kawo wata kalma da za ta maye gurbin kowacce kamar yadda aka yi amfani da ita a wurin. Wanda ya saba cafke ma'ana ta farko, a nan yake zubar da maki.

Na shida, a karanta jimlar misali, a rubuta ta a ɗan littafi na musamman, sa'an nan a ƙirƙiro wata jimlar daga rayuwar gida: gona, ko kasuwa, ko rijiya. Kalmar da ka duba ka rufe littafi, kafin jibi ta gudu. Wadda ka yi aiki da ita sau uku ta zama taka. Kalma biyar a rana sun isa. A zango ɗaya za ka tara ɗaruruwa.

Inda Hausa Take Jan Turancinmu

Yawancin kurakuran da muke gyarawa da jan biro ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaro yana tunani da Hausa mai kyau, sa'an nan ya juya ta kalma bayan kalma. Dubi aikatau ɗin nan, sha. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan rake, muna shan iska, muna shan wahala, wani kuma yana shan taba. A Turanci kusan kowanne da nasa aikatau. Haka ci: cin tuwo, cin jarrabawa, cin bashi, cin amana, cin kasuwa. Haka ji: muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Turanci. Shi ya sa yaro yakan rubuta cewa yana "hearing" warin abu. In ka duba sha ko ci a ƙamus mai harshe biyu, kada ka tsaya a layin farko. Nemi wanda ya dace, sa'an nan ka tabbatar da shi a cikin misalan ƙamus na Turanci zalla.

Haka kuma aro. Da Hausa mukan ce na ari littafi, mu kuma ce ara mini littafi, tushen ɗaya ne. Turanci ya raba su: mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa kuwa "lend". Dubawa ɗaya a ƙamus ta isa ta kashe wannan kuskure har abada.

Akwai kuma sunayen da Turanci ba ya yi musu jam'i. Mu mukan ce shawara da shawarwari, don haka yaro yakan ƙara harafin s a ƙarshen "advice", ko "information", ko "furniture". Ƙamusun masu koyo yana sa harafin U a gaban irin waɗannan, wato ba a ƙirga su, harafin C kuwa a gaban waɗanda ake ƙirgawa. Ɗalibai da yawa sun shekara suna ganin waɗannan haruffa ba su taɓa tambayar amfaninsu ba. Bayaninsu yana cikin shafukan farko na littafin, waɗanda kowa yake tsallakewa. Muna roƙon kowane ɗalibi ya ba waɗannan shafuka yamma ɗaya.

Sai furuci. A Hausa ko ka ce fara da leɓe a haɗe ko a buɗe, ma'ana ba ta sakewa. A Turanci kuwa "pan" dabam, "fan" dabam, haka "pull" da "full", haka "vote" da "boat". Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye. Turancin Ingila yana da sautin wasali wajen 20, ga shi kuma rubutunsa ba ya bin furucinsa. Domin haka ne ƙamus yake sa waɗansu baƙin alamomi a bayan kowace kalma. Su ne suke nuna yadda ake faɗinta, da gaɓar da ake dannawa. Kada wannan ya ba mu tsoro. Mu ma muna da kuka na hawaye da kuka ta miya, rubutu ɗaya, murya ce take raba su. Haka "produce" take: in an danna gaɓar farko amfanin gona ke nan, in an danna ta biyu aikatau ce, wato samar da abu. Waɗannan alamomi suna fitowa a takardar furuci ta jarrabawar ƙarshe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A fara koyonsu tun daga aji ɗaya, biyu ko uku a mako.

Sauran Abokan Tafiya

Littafin nahawu, irin su Brighter Grammar da First Aid in English waɗanda da yawa daga cikinmu muka tashi da su, ba na haddacewa ba ne daga bango zuwa bango. In malami ya ja layi a ƙarƙashin kuskurenka, ka je jerin batutuwa da ke farkon littafin ko ƙarshensa, ka nemi wannan batu, ka karanta ƙa'idar, ka yi aikin da ke biye. Gyaran da ka nemo da kanka ya fi zama a kai bisa ga wanda aka rubuta maka.

Littafin taswira da kundin sani suna taimakon darasin Turanci fiye da yadda ake tsammani. Sau da yawa abin da yake hana yaro fahimtar labari ba kalmomi ba ne, rashin sanin duniyar da ake magana a kanta ne. Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tomas girma ba, in aka ba shi labarin jirgin ruwa a teku, yana bukatar ya ga taswira da hoto. Minti biyar a kan taswira sukan buɗe shafi biyar na labari.

Jarida ma abin dubawa ce. In aka sami Daily Trust da Aminiya na lokaci ɗaya, a nemi labarin da ya fito a duka biyun, a karanta na Hausa tukuna, sa'an nan na Turanci. Haka kuma a gidajenmu da yawa akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci, kuma da yake sura da aya ɗaya suke, yana da sauƙi a ajiye su gefe da gefe. Sai dai a lura, juyin King James na 1611 ne, Turancinsa ya tsufa, ba a rubuta insha'i da irinsa yanzu. Domin koyon harshe gara juyi mai sauƙi kamar Good News.

Wannan ya kawo mu ga wani abu: harshe yana tafiya, ƙamus yana bin sawunsa. A 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da "okada" da "Kannywood". Saboda haka a duba shekarar da aka buga ƙamus. Tsoho ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ba za ka sami kalmomin kwamfuta a bugun da kakanka ya yi karatu da shi ba.

Game da wayar hannu, gaskiya ne akwai ƙamusu a cikinta, waɗansu har suna furta kalma ka ji da kunnenka, ƙamusun Bargery ma yana intanet. Wanda ya sami wayar yayansa lokacin hutu, ya yi amfani da ita. Amma matakan nan shida ba su sake ba. Wanda yake cafke ma'ana ta farko a takarda, haka zai yi a waya. Wanda kuma ya zuba insha'insa na Hausa a na'ura ta juya masa, ya kawo mana, bai koyi kome ba, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Ga Malamai Da Iyaye

A wata makaranta da muka taɓa koyarwa, an kawo kyautar ƙamusu sababbi ful, aka kulle su a kabad domin kada yara su lalata. Mai riƙe da mabuɗi ya sami canjin wurin aiki. Da aka fasa kabad ɗin bayan damina biyu, gara ta riga ta gama da rabinsu. Ba yaro ko ɗaya da ya taɓa buɗe su. Tun daga ranar muka ɗauki darasi: gara littafi ya tsufa a hannun yara da ya ruɓe a kulle. Fartanyar da ake noma da ita ce take ƙyalli, ta rataye kuwa tsatsa take yi.

Saboda haka muna ba 'yan'uwanmu malamai shawara uku. Kowane aji ya sami ƙamus aƙalla ɗaya a kan tebur, a hannun mai kula da aji, ba a ofis ba. In yaro ya tambaye mu ma'anar kalma, kada mu yi saurin faɗa masa. Mu miƙa masa littafin, mu tsaya a kansa har ya samo, ko da hakan zai ci minti uku. Mu kanmu kuma kada mu ji kunyar buɗe ƙamus a gaban aji. Yaron da ya ga malaminsa yana dubawa zai gane cewa dubawa ba alamar jahilci ba ce. Wannan aiki kuwa ba na malamin Turanci kaɗai ba ne. Malamin kimiyya da na aikin gona su ma da Turanci suke koyarwa.

Iyaye kuma, mun san halin da ake ciki, mun san kuɗin makaranta da na taki a lokaci ɗaya suke zuwa. Amma in kaka ta yi kyau, a tuna da ƙamus. Guda ɗaya zai yi wa yaro shekara shida, ya bar wa ƙannensa. Ana samun na hannu a wurin masu sayar da littattafai a Sabon Gari da sauƙin kuɗi, sai dai a duba kada waɗansu shafuka sun fita. In gida ɗaya ba zai iya ba, gida biyu ko uku su haɗa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa ta kowace ikkilisiya suna iya sayen guda biyu a ajiye inda yaran unguwa duka za su riƙa zuwa dubawa lokacin hutu, ba tare da an tambayi gidan da yaro ya fito ba. Uba ko uwar da ba su yi boko ba su ma suna da abin yi: a ba yaro fitila da ɗan lokaci bayan tuwon dare, a ce ya faɗi kalmomi biyar da ya koya yau da ma'anarsu da Hausa.

Kammalawa

Yaron nan mai kunnuwan manomi bai yi fushi da dariyar da aka yi masa ba. Ya sayi ɗan littafi na kalmomi, yanzu ya kusa cika na biyu, kuma in gardama ta tashi a aji a kan wata kalma, shi ne yake fara miƙa hannu ga ƙamus. Ku 'yan aji shida da kuke barinmu bana, ba za mu bi ku zuwa Kwalejin Ilimi ta Bichi, ko ta Aikin Gona ta Dambatta, ko Jami'ar Bayero ba. Can ba wanda zai tsaya a kanku da jan biro. Ku tafi da ƙamusunku, ku kuma tafi da halin dubawa. Ku da kuka rage kuwa, ɗakin karatu yana buɗe kowace rana bayan tashi, mabuɗin kabad kuma yana jikinsa.

Allah ya ba mu himma, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Amin.